Ruwan Zafi a Kan Dutsen Teku

Ku yaran yanzu ba ku da kunne. A ce muku bari, ku ce don me. A ce kada ku zubar da tafasasshen ruwa da magariba ba bisimilla, ku kalli juna ku yi dariya, wai nan Amurka ce, aljanu ba su da biza. Ga kuma hassada ta cika muku ciki, ɗan'uwanku ya samu abu ku kasa haɗiye tuwo. To ku natsu. Abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba. A gabana aka yi shi, kuma a kan ɗan da na haifa.

Na zo New York a 1988, lokacin da surukata Hafsa, matar babban ɗana, ta haihu. Na zo wankan jego na wata uku, zama ya kama ni. Gidanmu yana Tompkinsville, a tsibirin Staten, hawa na uku, sama da shagon wata 'yar zangon Kumasi mai suna Nimatu, mai sayar da garin rogo da manja da busasshen kifi.

'Ya'yana biyu ne maza. Na farin ba zan faɗi sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta zama tana hira da shi. Kunya ce, haka muka taras. Kowa a gida Babba yake ce masa. Direba ne a wani ofishin jakadanci. Shi ya kawo ni, shi ya kawo ƙanensa, shi yake fita tun duhun asuba ya kama jirgin ruwa zuwa Manhattan. Na san wannan duka. Ban taɓa faɗa ba.

Autan shi ne Muniru. Shekara goma sha huɗu ne tsakaninsu. Shi kam sunansa kullum yana bakina. Yana kwaleji yana karatun duwatsu. Da na fara ji na ce wannan ai asarar kuɗin makaranta ce, dutse kuma har karanta shi ake yi?

Sanyin ƙasar nan ya kama mini gaɓoɓi. Akwai ranakun da ko ruwan ɗumi na taɓa sai yatsuna su ƙage. Malami ya ce in riƙa taimama. To ina ƙasa mai tsarki a gidan sama, ko'ina katako da kafet? Muniru ya je bakin teku, can ƙarshen tsibirin ta kudu, ya kawo mini dutse mai faɗin tafin hannu biyu, sumul, launin toka. Da na juya bayansa sai na ga wani abu a jiki, kamar ɗan ƙaramin mafici, da haƙarƙari a jere.

"Wa ya zana wannan?"

"Ba zane ba ne, Inna. Wata halitta ce mai ɓawo, tana zaune a ruwa. Ta mutu, laka ta rufe ta, lakar ta zama dutse. Tun ba a san mutum a duniya ba."

"Kai dai Allah ya shirye ka."

Ya tofa miyau a yatsa ya shafa a kai, haƙarƙarin suka fito fes. Ya ce haka ake ganewa. A jiƙa, a ƙirga layukan, a duba ko dama da hagu sun zo daidai kamar an ninke takarda. Abin da ya taɓa rai yana da tsari, in ji shi, tsatsa da tsagewar dutse ba su da shi. Na kifa fuskar abin ƙasa, ina taimama da ɗaya gefen.

Duk baƙon da ya shigo sai na nuna masa. "Muniru ne ya kawo mini, Allah ya yi masa albarka." Na faɗa ya fi sau ɗari. Sau da yawa Babba yana zaune a wurin, da takalmin aiki a ƙafarsa bai ko cire ba.

Bayan nan Muniru ya samo wani, ya kai wa farfesansu. Aka sa shi a akwatin gilashi a kwalejin, da 'yar takarda mai sunansa. Ya kawo hoton, na sa aka rataye a falo.

Daga nan Babba ya canja. Ya daina cin abinci a kwano ɗaya da ƙanensa. Idan Muniru ya shigo falo sai ya ƙara ƙarar talabijin. Ran Lahadi ya ɗauki mota ya ɓace, ya dawo wandonsa duk yashi, aljihunsa ya yi nauyi. Dutsen farko da ya kawo, Muniru ya duba ya ce, "Yaya, wannan tsatsa ce ta yi rassa kamar bishiya." Na biyu ya ce kashin maƙera ne, daga jiragen da suke aiki da gawayi.

Na ukun shi ne ya ɓata komai. Muna wurin suna a Bronx, falo cike da mutane, har kan matakala. Ana ta tambayar Muniru labarin akwatin gilashi. Sai Babba ya zaro hankici daga aljihun babbar riga, ya kwance a hankali, ya ajiye a kan tebur. Dutse ne fari, da ɓawo sak a jikinsa.

"To wannan fa, farfesa?"

Muniru ya ɗauka ya juya. Na ga yana neman hanyar da zai bi. Amma yaro ne, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Yaya, siminti ne. Guntun tsohuwar gada. Ɓawon ma na kwanan nan ne, ka ji har yanzu yana ƙarni."

Nimatu ta tafa hannu. "Ei! Direba ya je ya sato gadar gwamnati! Mma, ki ɓoye shi kafin 'yan sanda su zo!"

Falon ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, ba zan yi ƙarya ba. Babba ya ninke hankicinsa ya mayar aljihu.

A mota, muna kan babbar gada za mu koma gida, ya yi magana bai juyo ba.

"Inna, ko sau ɗaya."

"Ko sau ɗaya me?"

Na ce masa ya kula da hanya.

Akwai wani babban dutse da Muniru ya gano a bakin tekun nan, fuskarsa duk irin waɗannan halittu, sun fi ɗari. Ya zana taswirar wurin a littafinsa, yana jiran sanyi ya wuce ya kai farfesan ya gani a inda yake. Ya faɗa a gaban kowa cewa ba a fasa irinsa, da an buga guduma ya lalace. Wata rana ya buɗe littafin ya taras an yage shafin. Ya tambayi Hafsa, ya tambayi yara. Yayansa kaɗai bai tambaya ba.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, cikin Disamba na 1991. Babba ya kai ni asibitin ƙashi a kudancin tsibirin. Muka fito wajen ƙarfe huɗu, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, don a watan nan da wuri take faɗuwa. Ina riƙe da fulas ɗina na ruwan zafi, wanda nake sirkawa in yi alwala idan yatsun sun yarda. Maimakon ya yi arewa, sai ya karya kan mota ya bi wata siririyar hanya cikin busassun bishiyoyi.

"Ina za mu?"

"Minti biyar, Inna."

"Magariba ta kusa."

"Minti biyar. So nake ki gani da idonki."

Hanyar ta ƙare a kan tsakuwa. Ya tsayar da motar hancinta na kallon ruwa. Ba kowa. Kwandon shara ɗaya a kife, da wani benci da ƙanƙara ta lulluɓe. Ya buɗe but ya ɗauko guduma da ƙarfen cire taya. A hannunsa na hagu na ga takarda mai yagaggen gefe. Na gane rubutun.

Na sauke gilashi. Iska ta shigo da ƙarnin kifi da gishiri da ruɓaɓɓiyar ciyawar ruwa.

"Kai. Takardar wa ke nan?"

Ya yi kamar bai ji ba.

Dutsen bai fi taku talatin daga motar ba. Baƙi ne, girmansa kamar sa a kwance, rabinsa a cikin yashi, ruwa na lasar gindinsa. Ƙanƙara ta rufe fuskarsa kamar gilashi. Ya buga guduma, ta zame. Ya sake, ta zame. Ƙarar tana tafiya kan ruwa tana dawowa. Tsuntsayen teku suna ta kuka a sama.

Sai ya dawo da sauri, numfashinsa na hayaƙi. Ya zura hannu ta taga ya ɗauki fulas ɗin daga cinyata.

Na riƙe hannun rigarsa.

"Kada ka kuskura. Dubi rana. Ba a zuba ruwan zafi a kan dutse a wannan lokacin, masu wurin suna fito da 'ya'yansu."

"Inna, ƙanƙarar kawai zan narkar."

"Na ce kada ka zuba."

Ya dube ni. Tun yana yaro bai taɓa duba na cikin ido haka ba.

"Da Muniru ne, da kin ce Allah ya yi masa albarka."

Ya fizge hannunsa ya tafi.

Ina kallo ya kwance murfin. Bai yi bisimilla ba, na ga bakinsa a rufe yake. Ya tuttule ruwan duka. Tururi ya tashi fari.

Sai na ji ƙara. Siririya, gajeriya. Duk macen da ta taɓa yi wa jariri wanka ruwan ya yi zafi ta san wannan ƙarar.

Tsuntsayen suka yi tsit.

Ruwan tekun yana zuwa yana komawa, ina ganinsa, amma ba sauti. Kamar an toshe duniya da auduga.

Wari ya iso motar. Ba na kifi ba. Ƙaurin gashi, irin na babbakar kan rago.

Babba yana tsaye da fulas a hannu, yana kallon dutsen. Ƙanƙarar ta narke, ga halittun nan jere a fuskarsa, ƙananan mafitai, ɗari ko fiye. Daga inda nake na ga suna motsi. Suna buɗewa suna rufewa, a hankali, gaba ɗaya, kamar bakunan masu barci.

Na buɗe ƙofa. Na dafa motar na miƙe.

A lokacin na gan ta.

Tana tsaye a cikin ruwa, ya kai mata cinya. Ta juya mana baya. Mayafinta ruwan ƙasa mai bakin zare, irin nawa. Tsayinta nawa. Har ɗan karkacewar kafaɗar hagu, tawa ce. Ta rungume wani abu a ƙirji.

Ta yi magana, ba ta juyo ba. Da muryata ta yi.

Ta kira sunansa. Sunan yanka, wanda ubansa ya raɗa masa a kunne, wanda bai taɓa fita daga bakina ba tun ranar suna.

Fulas ɗin ya faɗi daga hannunsa.

"Zo, ɗan albarka," in ji ta, ƙasa-ƙasa. "Kai ka riƙe ni. Kai ka riƙe gidan. Na gani. Duk na gani."

Ya yi taku ɗaya.

"Ka fi shi. Tun da can ka fi shi. Zo in sa maka albarka."

Ya shiga ruwan da takalminsa.

Na fara Ayatul Kursiyyu, harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Ina jan ƙafa a kan tsakuwa. Na faɗi, tafin hannuna ya tsage. Na tashi.

"Babba!"

Bai waiwayo ba. Ruwa ya kai masa gwiwa.

Ita kuma tana ja da baya, cikin teku, ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. Tana kiran sunan. Tana maimaitawa, da taushi, yadda nake kiran Muniru.

Ruwa ya kai masa ƙugu.

Sunan ya zo mini har kan harshe. Na ce in kira shi, kunya ta tafi inda za ta. Sai na tuna murya ɗaya ce da ni da ita. Idan na kira, mu biyu ne muke kira, kuma ita ta fi ni iyawa.

Na cika ƙirjina da iskar nan mai yanka.

"Kai, shashasha! Mara kunya! Yaushe uwarka ta fara kama sunanka? Fito daga ruwan nan kafin in saɓa maka!"

Ya tsaya cak.

"Ɓarawon takarda! Da girmanka da gemunka! Ka juyo nan na ce!"

Ya juyo da kansa a hankali. Fuskarsa duk hawaye.

"Inna?"

Na shiga ruwan. Sanyin ya soke ni har ƙwaƙwalwa. Na damƙi wuyan kwat ɗinsa da hannu biyu, yatsun da ba sa iya riƙe cokali, na ja.

Da na ɗaga kai, tana gabanmu. Ban ga tahowarta ba.

Ta juyo.

A cikin mayafin babu ido, babu hanci. Layuka ne kawai, daga haɓa suka tashi suka bazu zuwa goshi, launin toka, a jiƙe. Dama da hagu daidai.

Abin da ta rungume yana motsi. Ɗan hannu ya leƙo daga zanen, fatarsa ta saɓule, tana tururi.

"Ya ƙona mini ɗa," in ji ta. Yanzu ba muryata ba ce. Kamar ana jan tsakuwa a ƙarƙashin ruwa.

"Bai sani ba," na ce.

"Kin faɗa masa."

Gaskiya ne. Na faɗa masa.

Ta miƙo hannu ɗaya, dogo, ya wuce ta kan kafaɗata. Ta taɓa kunnensa na dama. Ta taɓa na hagu. A hankali, yadda ake shafa wa yaro mai.

Harshena ya saku. Na ƙwala a'uzubillahi da duk ƙarfina.

Ƙarar teku ta dawo gaba ɗaya, kamar an buɗe ƙofa. Igiyar ruwa ta buge mu muka faɗi a kan yashi. Da na share idona, ba kowa a cikin ruwan. Rana ta faɗi. Mayafina ne kaɗai yake tafiya a kan ruwa, can nesa, ban san lokacin da ya bar kaina ba.

Ban san yadda muka kai mota ba. Shi ya tuƙa, jikinsa na ɗigar ruwa, haƙoransa na haɗuwa. Ina ta yi masa faɗa tun daga bakin tekun, bai tanka ba, na ɗauka kunya ce. A wata mahaɗa fitila ta ba mu hannu yana kallon sitiyari, motocin baya suka cika titi da ham. Bai motsa ba sai da na dake shi a cinya.

Da muka shiga gida Hafsa ta saki salati, yara suka fashe da kuka, Muniru yana ta tambaya me ya faru. Babba ya tsaya a tsakiyar falo yana bin bakunanmu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, da ƙarfi fiye da kima:

"Me ya sa kowa ya yi shiru?"

Likitoci uku suka duba shi. Suka ce sanyin ruwan ne da zazzaɓin da ya biyo baya suka kashe jijiyar. Ban yi musu da su ba, su ma iyakar abin da suka gani ke nan. An yi rubutu, an yi sauka, an yi sadaka. Ɗan abin da ake maƙalawa a kunne ma an saya, bai yi komai ba.

Daren da ya kwana uku a asibiti, na kori kowa daga ɗakin. Na zauna a bakin gadon. Na kira shi da sunansa, sau ɗaya, a fili. Na ce Allah ya yi masa albarka, shi ya riƙe ni, shi ya riƙe gidan. Ya dubi bakina yana motsi. Ya ce, "Ruwa kike so, Inna? In kira nas?"

Ofishin suka sallame shi, ba mai ɗaukar direban da ba ya jin ham. Yanzu yana bayan shagon Nimatu yana ɗaura garin rogo a leda. Muniru ya bar karatun duwatsu ya kama tuƙin tasi, shi yake ciyar da gidan. Bai taɓa tayar da maganar takardar ba.

Shekara bakwai ke nan. Babba bai ji kukan autarsa ba da aka haife ta, bai san muryarta ba. Ba ya jin kiran salla, ba ya jin sallama. Abu ɗaya ya rage masa. Kullum idan rana ta yi ja, sai ya ɗaga kai kamar an taɓa shi, ya juya fuskarsa kudu, ya fara laluben takalmi. Ya ce tana kiransa, kuma har yau da muryata. Shi ya sa a gidanmu ake kulle ƙofa tun la'asar, mabuɗin yana ɗaure a bakin zanena, ƙanensa kuma ya ajiye tasi ya zo ya zauna kusa da shi, ya riƙe masa hannu har a idar da magariba.